Shekarar da Muka Tambayi Yawan Shanu

Kwanakin baya na leƙa tsohuwar makarantarmu a nan Kontagora, na tarar da matasan malamai a ofis kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Malama Rukayya, 'yar ƙanina da ke koyarwa a wurin, ta nuna min abin da suke yi. Sun buɗe wa ajinta zaure a intanet, sun haɗa shi da wani aji a Tungan Magajiya, yara suna tura wa juna murya da hoto da zane. Na yaba ƙwarai. Sai ta ce, "Baba, ai haɗa aji da aji ba wani aiki ba ne, latsawa ce kawai." Na yi dariya, domin da wannan aikin na ci abinci tun ubanta bai fara gemu ba. Latsawar kam ta yi sauƙi, ban musa ba. Amma aikin ba a yatsa yake ba, shi ya sa na zauna na rubuta muku yadda muka yi namu.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin kayan sauti na kwalejin horon malamai shi ne goge kan rakoda. Ka naɗa auduga kaɗan a tsinken ashana, ka tsoma a sifirit, ka shafa a hankali, ka jira ya bushe. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne Banufe, Malam Ndako, wanda ya fi son na'urorinsa da yawancin ɗalibai. Da ya ji kakana daga Katsina ya zo Kontagora da buhun littattafansa, shi ke nan na shiga uku. Kullum sai ya ce, "Bakatsine, hannunka na riƙe alƙalami ne, kar ka kashe min rakoda." Zangon karatu guda ban yi komai ba sai goge-goge da naɗe waya. Daga baya ya yarda na taɓa jan maɓalli, wato na ɗaukar magana, shi ma yana tsaye a kaina. Abin da ya fi nanata min bai shafi ƙarfe ba. Cewa yake, kafin ka kunna wa mutane abu, ka fara saurarensa kai kaɗai daga farko har ƙarshe.

Gyaran zaren kaset da ya tsinke shi ne aikin da na fi ƙwarewa a kai. In rakoda ta ci zare, ba a fizga. Ka zare shi a hankali da bakin fensir, ka yanke wurin da ya yamutse da reza a karkace, ka haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, ka danne da ɗan yatsa. Matata ta sha neman jan farcenta ta same shi a jakar makaranta. Fensir mai kusurwa shi ke juya kaset baya ba tare da an taɓa batir ba, don haka kowane yaro a ajina ya iya wulwula kaset a fensir kafin ya iya dogon rabawa. Kaset mai minti sittin muke saye, mai casa'in zarensa siriri ne, rakoda ba ta jin tausayinsa. In bel ɗin da ke juya kaset ya saki, robar ƙulli tana riƙewa na ɗan lokaci, sai dai muryar hedimasta ta koma ta tsohuwa. In iska ta dame ka, ka sa wa makirufo safa. Waɗannan su ne kayan aikina, sai baturan da kullum ke shanye a taga ana lallashinsu su ƙara kwana.

Da na fara koyar da aji biyar a tsakiyar shekarun tamanin, na zaci yara za su yi rububin magana a rakoda. Ranar farko na ajiye ta a tebur, aji ya yi tsit, har masu surutun da bulala ba ta hana su. Wanda na matsa wa ya karanta layi biyu cikin rawar murya, da na mayar masa ya ji kansa sai ya rufe fuska da riga. Ga rufin kwano yana mayar da amo, ka rantse a cikin rijiya muke. Na aro tabarmi na rataye a tagogi da bango, amon ya kwanta. Su kuwa yaran, abin da ya buɗe musu baki shi ne na daina cewa su karanta, na ce su ba da labari. A nan na gane yaro ba ya magana da na'ura, sai in ya san akwai mutum a ɗaya gefen da zai ji shi. To ni kuma ba ni da ɗaya gefen.

Malam Idi ne ya kawo min shi. Abokin karatuna ne a kwaleji, mutumin Tungan Magajiya, Hausarsa da ɗan gargadar Dukanci, ga haƙuri kamar ba ya jin zafi. Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka tura shi Bobi ya buɗe makarantar 'ya'yan makiyaya, ɗaki guda na jar ƙasa da bencuna 'yan kaɗan. Ruga-ruga ya bi yana roƙon iyaye, da ƙyar ya tara yaran da za a kira aji. Ya zo min hutu yana kukan cewa yaran ba sa ganin amfanin karatu, don ba su san wani yaro a duniya da ke yi ba sai su. Muka dubi juna, muka dubi rakoda. Na gyara masa wata tsohuwa da Malam Ndako ya bar min, muka haɗa kowane yaro nawa da aboki a Bobi, suna da suna.

Aika kaset ma sana'a ce. Direbanmu Ɗan'asabe mai a-kori-kura, wanda ke bin kasuwannin wajen Mariga, shi ne gidan wayarmu. Karon farko ya ajiye kaset a gaban mota cikin rana, ya isa Bobi a lanƙwashe kamar ƙosai ya sha wuta. Daga nan na riƙa naɗe shi a tsumma, na sa a gwangwanin madara, na ɗaure murfin. Na koya wa yara ɓalle kunnen kaset don kada a goge shi bisa kuskure, bayan da yaron motar Ɗan'asabe ya taɓa ɗora mana waƙar biki a kan darasin tsafta. Kaset kan tafi wannan kasuwa, amsa ta dawo kasuwa ta gaba ko ta bayanta. Ku da kuke fushi in saƙo ya yi jinkirin minti guda, ku sani jiran nan ya yi mana amfani, don yaro kan kwana yana shirya abin da zai faɗa.

Aikin da ya fi daɗi shi ne labarin haɗaka. Nawa su fara, su tsaya a tsakiya, na Bobi su ɗora, su dawo mana da shi. Nawa suna yin sukuwar doki da sakainar ƙwarya, suna yin tsawa da murfin tukunya. Na Bobi suka ga abin wasa ne, suka kai makirufo bakin ɗan maraƙi na gaske, ajina ya kusa tashi don murna. Akwai wata yarinya Dado, 'yar Jauro Bello, wadda in ta karɓi labari sai ta kai shi inda ba wanda ya zata. Akwai Yero, ɗan Arɗo Sambo, shugaban rugagen wurin, mai gyara wa nawa duk abin da suka faɗa ba daidai ba game da daji. Doka ɗaya na kafa, ba a yi wa Hausar kowa dariya. Su kuma suka koya wa nawa gaisuwa da Fillanci, suka rama dariyar da aka hana a yi musu. A Bobi ranar zuwan kaset ta zama kamar ranar kasuwa. Malam Idi kan fito da rakoda gindin ɗorawa, mata masu dawowa daga tallan nono su sauke ƙwarya, dattawa su jingina da sanduna, a saurara tare.

Sai muguwar shekara ta zo, a farkon shekarun casa'in. Mai ya yi wuya, motar Ɗan'asabe ta fi daɗewa a layin gidan mai fiye da kan hanya. Batir ya zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin filo. A Bobi kuma ciwon huhu ya shiga shanu da damina, garke bayan garke, mu a gari ba mu san zurfin abin ba sai dai mu ga nama ya yi araha. Ga jita-jita tana yawo a kasuwanni cewa za a dawo da karɓar jangali, harajin da ake ɗora wa kowane kan saniya. Malam Idi yana da batura 'yan kaɗan da ba za su kunna kaset sau biyu ba, don haka ya daina saurare shi kaɗai kafin ya fito da shi gindin ɗorawa. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne haka zan yi.

A wannan zangon muka shirya cewa yara za su riƙa ƙirƙira wa juna lissafi daga rayuwar gidajensu. Aka tura ni tsaron jarrabawa wajen Rijau, na bar wa monita rakoda, don a lokacin ajina sun iya komai har sa wa makirufo safa, kuma ina alfahari da hakan. Yaran suka zauna suka yi tunani mai kyau irin nasu. Suka ce bai kamata su dami abokansu da lissafin buhu da kwalabe ba, gara su yi musu da abin da suka sani. Kowa ya matso ya kira abokinsa da cikakken suna don girmamawa. "Yero ɗan Arɗo Sambo, shanun babanka nawa ne? Ka faɗa mana mu haɗa maka lissafi." "Dado 'yar Jauro Bello, shanun babanki nawa ne?" Haka har ƙarshen aji. Suka ɓalle kunnen kaset, suka sa a gwangwani, suka ba Ɗan'asabe. Kada ku ce da ina nan da na hana. Da ina nan da ni zan danna musu jan maɓalli, don ni ma ɗan gari ne, tambayar ba ta yi min kama da komai ba sai lissafi.

Malam Idi ya kunna shi a gaban kowa. Ya ce min yaro na farko ya yi tambaya, na biyu ya yi, wata mata ta ɗauki ƙwaryarta. Kafin a kai rabi dattawa sun miƙe ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya yi sallama. Washegari ya share aji ya zauna shi kaɗai. Kasuwa ta zagayo, gwangwani ya dawo min babu kaset, sai Malam Idi da kansa a bayan mota. Ya ce mai duba makarantu zai zo ƙarshen zango, in ya tarar da bencuna babu yara za a rufe makarantar, kuma makarantar makiyaya in aka rufe ta ba a cika sake buɗewa ba. Ya faɗa yana kallon ƙasa, mutumin da ya yi shekaru yana tara yaran nan ɗaya-ɗaya.

A nan nake so ku tsaya, ku masu waya. Taku ba ta cin zare, ba ta jiran Ɗan'asabe, amma saƙonku yana sauka ne a gidan da ba ku gani, a gaban mutanen da ba ku san suna saurare ba. Wayar da yaro ke karɓar aikin gida ta uwarsa ce ko ta yayansa, kuma su ma suna da kunne. Mai haɗa aji da aji gidaje yake haɗawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Na bi Malam Idi zuwa Bobi da rakoda a jaka. Arɗo Sambo dogo ne siriri, ya karɓe mu da mutunci, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Muka daɗe muna gaisuwa, bai taɓo maganar ba sai da na taɓo. Na yi bayani iyakar iyawata, ya saurara har na gama.

"Malam, yaran naka a Kontagora suke?"

"A Kontagora, Arɗo."

"Inda ofishin haraji yake."

"Gari ɗaya ne, Allah ya ja da ranka, amma makaranta daban, ofis daban."

"Wa ya ba su sunayenmu?"

"'Ya'yanku ne, tun bara. Abokai ne."

Ya gyaɗa kai, ya ɗan juya sandarsa a ƙasa. "Malam, mu ko ƙaninka ciki ɗaya ba ya yi maka wannan tambaya. Baki yana kama dukiya. Ni kaina ban taɓa tsayawa na ƙirga shanuna ba. Na san su, sun san ni, in ɗaya ba ta dawo ba jikina zai gaya min. Kuma bana, da muke jan su zuwa rami, a ce yaro ya kira sunana a gaban mata ya tambaye ni nawa suka rage."

Sai na koma ga abin da na iya. Na fito da kaset ɗin da na karɓa a wajen Malam Idi, na liƙe kunnensa, na goge shi a gabansa, na kunna ya ji babu komai sai huci. Na ɗauka na yi bajinta. Ya ce, "Na ga ka goge wannan. Wanda ke Kontagora fa?" Babu wani a Kontagora, amma ba ni da yadda zan nuna masa babu. Ya raka mu har bakin hanya, ya yi mana addu'a, bai ce komai game da yara ba. Na koma gida raina a ɓace, don ƙwarewata a na'ura ba ta tsinana min komai ba ranar.

Na gaya wa ajina gaskiya duka, ban rage ba. Wasu suka fara hawaye, wasu suka ce ai ba zagi suka yi ba. Sai Hajara, 'yar wani mai sayar da hatsi, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, babanmu ma in baƙo ya tambaye shi buhu nawa ne a sito, sai ya ce alhamdu lillahi ya canja magana. In mutumin ya tafi kuma ya yi ta addu'a." Nan take aji ya gane, don kowa ya tuna wani abu da ba a tambaya a gidansu. Aka shiga muhawarar me za a yi. Wani ya ce a aika alewa, wani ya ce mu ma mu faɗi abin da iyayenmu suka mallaka a yi kunnen doki. Na kama bakina, kuma ku riƙe wannan, rabin sana'ar nan kama baki ne a lokacin da yara ke nema. Can sai Nura, wanda ya ɓata min bencuna da zane-zane, ya ce tunda Arɗo ya ce ya san shanunsa ɗaya-ɗaya, a roƙe shi ya ba mu labarin guda ɗaya tak, mu zana ta. Suka yanke cewa kaset ɗin ba na yara ba ne, na Arɗo ne, kuma murya ɗaya za ta yi magana. Suka zaɓi Hajara, suka yi ta gyara mata gaisuwar Fillanci har ta zauna.

Karo na biyu na cire baturan rediyon gidana na tafi da su. Na roƙi Arɗo mu keɓe, daga shi sai dattawa biyu, nesa da mata da yara. Na ajiye rakoda a gabansa na nuna masa maɓalli, na ce shi zai danna da hannunsa, kuma daga yau duk kaset da ya fito Kontagora a rugarsa zai fara sauka, in bai yarda ba kada Malam Idi ya kunna. Ya dube ni, ya danna. Hajara ta gaishe shi da Fillancinta mai karkata, dattijo ɗaya ya murmusa. Ta ce, "Baba Arɗo, mun yi tambayar da ba a yi, ba mu sani ba, ka yafe mana. Ba ma son sanin yawa. Muna roƙo ka gaya mana kamannin saniya guda da kake so, mu zana ta, ka duba ko mun iya." Ya ce a maimaita, na wulwula da fensir, ya sake ji.

"Wanne ne mai ɗauka?" ya tambaya.

Na nuna masa jan. Ya danna, ya matso da makirufo kusa da baki fiye da kima, ban gyara masa ba. Ya kira sunanta da Fillanci. Ya ce ja ce mai duhu, da farin tabo a goshi wanda ya karkata dama, da dogon leɓe a wuya. Ƙahonta na hagu ya lanƙwasa tun tana ƙarama, ranar da ta zame a bakin rafi. Ya ce daga zuriyar saniyar da mahaifiyarsa ta ba shi ta fito, ya lissafo uwarta da kakarta kamar mai lissafa dangi. Ita ke shiga gaba in za a ƙetare ruwa, kuma ba ta yarda kowa ya tatse ta sai uwar Yero. Ya ce da daminar nan ciwon ya tafi da ita. Ya ci gaba da magana har zare ya ƙare maɓalli ya ɗaga da kansa. Ya miƙo min rakoda, bai yi alkawarin komai ba. A hanyar fita muka wuce inda rugar Jauro Bello take, babu kowa sai turaku da toka. Ya kwashe iyalinsa ya yi yamma, da Dado a ciki. Abin ya yi min ciwo sosai, har yau ban sake jin labarinta ba.

Zanen ya ci mana kwanaki. Yara suka saurari muryar Arɗo har suka haddace ta, ba wanda ya yi dariyar Hausarsa ko da ban tuna musu doka ba. Takardar zane babu, muka bi shaguna muka roƙo kwalaye muka farke. Jan fensirin kala da muke da shi ja ne irin na tumatir, yaran suka ce bai dace ba, don Arɗo ya ce mai duhu. Suka ɗebo jar ƙasa suka tankaɗe, suka kwaɓa da ƙaro, suka shafa da yatsa. Farin goshi kuwa allina ne ya tafi a kai. Aka yi ta gardama kan ƙahon hagu, ko gaba ya yi ko baya, kowa ya zana yadda ya fahimta. Ƙarshen zango yana matsowa, Malam Idi yana can yana share aji kowace safiya.

Na kai zanen da kaina, a naɗe cikin buhu. Wannan karon Arɗo bai keɓe ba. Ya sa aka baje kwalayen a tabarma, mata suka matso, yara suka leƙo ta bayan iyayensu. Aka fara dariya. Wata tsohuwa ta ce wannan jaki ne, wani dattijo ya ce wannan kuwa ko mahauci ba zai saya ba. Arɗo yana bi ɗaya-ɗaya da bakin sanda, yana turewa gefe. Da ya zo kan na Nura sai ya ajiye sandar, ya ɗauka da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, dariyar ta lafa.

"Goshin ya yi," ya ce. "Jan ma ya yi. Ƙahon ne bai yi ba. Ƙasa ya lanƙwasa, wajen kunne, ba baya ba."

Na ce, "Ga rakoda, Arɗo, sai ka gaya musu su gyara."

Ya girgiza kai. "Ni na gama magana da akwati. Yero ya san ta, shi ya kiwata. Gobe ya je makaranta ya gaya musu, shi da sauran." Sannan ya naɗe kwalin da ya ce bai yi ba, ya cusa a cikin rigarsa.

Da safe ina tsaye da Malam Idi a ƙofar aji, yana riƙe da tsintsiya. Rana ta ɗan ɗaga kafin muka hango su suna fitowa daga cikin ciyawa a jere, Yero a gaba da karan dawa a hannu yana lanƙwasa shi, yana gardama da na bayansa kan yadda ƙahon yake. Suka gaishe mu suka shige. Bencin 'ya'yan Jauro Bello ne kawai ba wanda ya zauna a kai. Malam Idi ya goge ido da hannun riga, ya jingine tsintsiyar a bango, ya shiga ya ɗauki alli.